Na tafi da'awa ƙauye na bar Umma ba lafiya: in dawo ko in ƙarasa?

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, tela a Tudun Wada nan Kaduna, da dare kuma ina koyarwa a wata Islamiyya ta unguwarmu. Wata uku da suka wuce na ba da sunana a aikin sa-kai na da'awa, aka tura mu mu huɗu wani ƙauye a ƙaramar hukumar Lere, bisa alƙawarin za mu yi wata shida. Abu biyu ne suke ci mini rai.

Na farko, na ɗauka wa'azi zan je yi, sai na tarar rabin yinina a ɗiban ruwa, hura wuta, girki, sharar masallaci da taya mutane aikin gona yake ƙarewa. Karatun yara da safe ne kawai, na manya bayan isha'i. Wani lokaci sai in ji kamar ɓata lokacina nake yi.

Na biyu, wanda ya fi damuna, Ummanmu ce. Mahaifinmu ya rasu, ni kaɗai ne namiji, ita kuma tana fama da hawan jini. Yayata da ke aure a Rigasa ita ke zaryar kai ta asibiti da saya mata magani. Sau ɗaya na leƙa gida tun da na tafi. Amirinmu ya ce yawan zuwa gida yana sanyaya zuciya, kuma wanda ya fita saboda Allah, Allah zai kula masa da na gida. Shekaranjiya Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce na tafi neman lada na bar ta da wahala. Ita kuwa Umma kullum maganarta ɗaya ce: "Yi zamanka, lafiyata ƙalau." Malam, in haɗa kayana in dawo, ko in daure in cika alƙawari?

Ɗanka daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Umma lafiya, ya saka wa Yayarka da alheri, kai kuma ya karɓi wata ukun nan da ka yi.

Kafin a kai ga maganar dawowa ko zama, ka je gida cikin makon nan. Ba na so ka yanke hukunci daga ƙauye, kana riƙe da waya a kunne, domin abin da kake ji ta waya bai isa a gina komai a kansa ba. Muryoyi biyu kake ji, ɗaya ta mai kuka, ɗaya ta mai ɓoyewa, kuma ni a wurina kukan Yayarka ya fi kusa da gaskiyar halin da gidanku yake ciki. Iyayenmu mata da kawaici aka raine su. Uwa za ta kwana kanta yana sarawa, gari ya waye ɗanta ya kira ta ce lafiya lau, musamman idan ta san fita ya yi aikin addini. Tsoronta kada ta zama ita ce ta tsaya tsakanin ɗanta da lada, kada kuma a ce a unguwa wance ta hana yaronta aikin Allah. Saboda haka "yi zamanka" ɗin nan da take faɗa, ka karɓe shi a matsayin ƙauna, amma kada ka riƙe shi a matsayin hujjar cewa komai daidai yake. Ka je ka gani da idonka. Ka dubi ƙafarta ko ta kumbura, ka dubi kwalin maganin ko ana sha kullum, ka leƙa buhun abinci, ka tambayi wanda yake kwana da ita. Idan ranar asibitinta ta kusa, ka daidaita zuwanka da ranar, ka kai ta da kanka, ka ji daga bakin likita.

Yanzu ga maganar amirinku. Ban raina damuwarsa ba, akwai gaskiya a cikinta. Mutanen karkara sun gaji da baƙin da ke zuwa da zafi, su tara yara, su raba allo da littafi, bayan mako biyu a neme su a rasa. Yaron da ya fara haɗa baƙi, idan malaminsa ya ɓace kwana goma, sai an koma da shi baya. Duk wanda ya taɓa jagorantar ayari ya san idan aka bar ƙofa a buɗe, kowa zai samo uzuri, wannan bikin abokinsa, wancan sunan ɗan ƙanwarsa, har aikin ya watse. Wannan yake tsoro, kuma abin tsoro ne. Sai dai maganin da ya kawo ya wuce gona da iri, kuma dalilin da ya kafa bai dace da abin da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Malik ɗan Huwairis. Ya ce sun zo wurin Annabi su samari ne tsararrakin juna, suka zauna a wurinsa kwana 20. Da ya lura sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, suka faɗa masa, ya ce su koma wurin iyalansu, su zauna a cikinsu, su koyar da su, su yi salla kamar yadda suka ga yana yi. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, ɗana. Babu wani zama a bayan ƙasa da ya kai zama a gaban Annabi daraja. Duk da haka bai ce musu kewar gida raunin imani ba ce, bai ce zukatansu sun yi sanyi ba. Shi da kansa ya lura, shi ya fara tambaya, shi ya sallame su. Malik kuwa da yake ba da labarin, cewa ya yi Annabi mai jinƙai ne mai sauƙin hali. Haka jagora yake. Kamata ya yi a ce amirinku ne ya riga ka tambayar jikin Umma, ya ce maka tashi ka je ka dubo ta.

Ka kuma san hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, aka ce masa ya je ya yi jihadinsa a wurinsu. A yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, lokacin da Musulmi ba su fi ɗari uku da 'yan kai ba, ana bukatar kowane hannu, an bar Sayyidina Usman a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya, kuma aka ba shi rabo da ladan wanda ya halarta. Malamai daga irin waɗannan suka fitar da ƙa'idar da ta shafe ka kai tsaye. Koyar da mutanen ƙauye farilla ce da idan wasu suka yi ta sauka daga kan sauran, kuma ku huɗu ne a can. Kula da mahaifiya kuwa, idan ta bukata kuma babu wanda zai tsaya mata, a wuyanka take, ba wanda zai ɗauke maka. Ikon amiri a kan tsarin aiki ne: wa zai yi limanci, wa zai koyar da yara, yaushe za a fita gaisuwa. Ka yi masa biyayya a waɗannan da zuciya ɗaya. Amma ba shi da ikon soke haƙƙin da Allah ya ambata dab da tauhidi a Suratul Isra'i, aya ta 23.

Cewa Allah zai kula da na gida gaskiya ce, babu musu. Tambayar ita ce ta hannun wa. A wata ukun nan ta hannun Yayarka ne, kuma ita ba a shawarce ta ba. Ka lissafa abin da ke kanta. Ta tashi ta sallami 'ya'yanta da maigidanta, ta fito daga Rigasa ta hau keke napep zuwa Tudun Wada, ta ɗauki Umma, su bi layin kati, su jira likita, ta sayi magani, ta mayar da ita gida, sannan ta koma ta ɗora tukunyar dare. Kuɗin motar da na maganin daga ina? Ko daga 'yar sana'arta, ko daga aljihun mijinta, wanda shi ma haƙurinsa ake ci ba tare da an ce masa sannu ba. Shagonka kuma a rufe, abin da kake kawowa a da ya tsaya. Ladan da kake nema a ƙauye, akwai kason Yaya a ciki, domin ita ta riƙe maka bayanka. Maganar da ta faɗa maka da zafi, kada ka riƙe ta a rai. Gajiya ce ta yi magana. Idan ka iso, bayan ka gaida Umma, gidan da za ka fara zuwa nata ne. Ka durƙusa ka gaida mijinta ka yi masa godiya, ka ba ta haƙuri, sannan ka yi abin da ya kamata a yi tun kafin ka tafi, wato ka tambaye ta abin da za ta iya ɗauka da abin da ya fi ƙarfinta.

Wannan ne ya fi ba ni takaici a yadda muke shirya irin wannan fita. A cike takarda, a tambayi yaro iya karatunsa da ko ya iya huɗuba, amma ba a tambayarsa wa ya bari a gida da abin da ya bar musu. Alhali muna da misali a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, da ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan karkara, jajin da ta naɗa, wato jagororin matan masu ɗauko karatu, dattawan mata ne waɗanda suka gama hidimar goyo. Su ke tafiya su ɗauko karatu su kai wa matan da ke tsare da gidajensu da ƙananan yara. An duba wanda zai iya fita ba tare da wani gida ya rushe ba, aka ɗora aikin a kansa. Tsarin ya daɗe bayan rasuwarta, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan daɗewarsa.

To me za ka kai wa amirinku? Kada ka je masa da hadisi a hannu kamar mai shirin muƙabala a gaban sauran. Ka same shi shi kaɗai bayan sallar asuba, ka faɗa masa halin gida dalla-dalla, har da kukan Yaya, sannan ka kawo tsari. Ku huɗu ne. A ba kowa kwana uku a wata, bi da bi, a rubuta ranakun a manna a bango. Ta haka kullum akwai mutum uku a ƙauye, karatu ba ya tsayawa, kuma babu wanda zai ji an fifita wani. Kai ka roƙi a sa naka kwanakin su faɗo a kan ranar asibitin Umma. Zan yi mamaki idan sauran biyun ba su da abin da ke damunsu a gida, kunya ce kawai ta hana su magana. Idan ya amince, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi, ka kai maganar ga waɗanda suka tura ku a Kaduna, cikin ladabi, ba tare da ɓata shi ba. Amma zuwan makon nan, sanarwa ce za ka yi masa tare da neman addu'arsa, ka kuma faɗa masa ranar da za ka dawo, ka cika.

Kwana ukun idan ka samu, na Umma ne. Na san halin samari, ana sauka a tashar Kawo abokai sun fara kira, a zauna majalisa har dare ana ba da labarin ƙauye, uwa ba ta ga ɗanta ba sai lokacin cin tuwo. Ka zauna a ɗakinta. Ka ci abinci a gabanta, ka gyara abin da ya lalace a gidan, ka cika mata ruwa, ka sayi maganin wata guda cif ka ajiye. Hawan jini ciwo ne da ba kasafai yake nuna kansa ba, shi ya sa tsofaffi da yawa suke ajiye magani da zarar sun ji dama, daga nan kuma matsala take farawa. Idan da hali ku haɗa kuɗi kai da Yaya ku sayi na'urar awon jini ta gida, a koya wa wani a gidan ko makwabciya amintacciya, a riƙa rubuta awon a littafi ana kai wa likita. A rage gishiri da dunƙulen miya. Kowa a gidan kuma ya san cewa karkacewar baki, harɗewar magana ko mutuwar hannu da ƙafa na ɓari ɗaya ba abin jira ba ne, asibiti ake nufa a take ko da tsakar dare ne. Kekenka na ɗinki kuwa kada ya ci gaba da shan ƙura. Ka damƙa shi ga wani tela da ka yarda da shi, a yi yarjejeniya a gaban shaida, abin da ya kama duk mako a kai wa Umma. Tafiya kuma da rana, zuwa da dawowa, kada ka bi hanyar Saminaka da Pambeguwa bayan faɗuwar rana don ka ƙara 'yan sa'o'i a gida, kuma ka sanar da su kafin ka taso. Sauran kwanakin wata, ka nemi inda sabis yake kamawa a ƙauyen, ka tsayar da lokaci ɗaya kullum, ko bayan magariba, ka kira ta. Yaya ma ka riƙa kiranta don gaisuwa kawai, ba sai kana neman labari ba.

Sai batun girki da ɗiban ruwa, wanda ka sa a farko ni kuma na ajiye shi sai yanzu, domin ya fi sauƙi. Anas ya ruwaito cewa sun yi tafiya da Annabi a rana mai tsananin zafi, wasu suna azumi wasu ba sa yi. Da aka sauka, masu azumi suka zube, marasa azumi suka tashi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, sai Annabi ya ce yau marasa azumi sun tafi da ladan. Wanda ya hura wa 'yan'uwansa wuta don su samu ƙarfin koyarwa, yana cikin koyarwar. Mu a Kaduna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a garin nan a 1962, da sauran ƙungiyoyin da suka biyo baya, abin da talaka ya fi sani game da su shi ne ɗan agaji: wanda ke gyara sahu a Masallacin Sultan Bello lokacin tafsiri, wanda ke ɗaukar wa tsohuwa jaka a sansanin alhazai na Mando. Ba ya hawa mumbari, amma in babu shi taro ba ya yiwuwa.

Akwai kuma abin da ya fi lada kusa da ido. Mutanen ƙauyen nan kallonku suke yi. Wa'azinka na bayan isha'i rabin sa'a ne, wasu ma gyangyaɗi suke yi saboda gajiyar gona, amma yadda kake bin layi a rijiyar burtsatse ba ka ce kai malami ne a matsa maka ba, kowa ya gani. Yankin Lere kuwa wuri ne da Hausawa da Fulani suke zaune tare da Kurama da Gure da Kahugu da sauransu, Musulmi da Kirista, sau da yawa a gida ɗaya. Wanda ba zai taɓa zama a majalisinka ba zai gan ka riƙe da fartanya a gonar masarar wata gwauruwa, zai ga ka je gaida mara lafiya ba ka tambayi addininsa ba. Da wannan ake auna ku. Girkin da kuke yi da kanku ma kariya ce ga mutanen, domin da damina rumbu yakan yi ƙasa kafin sabon amfani ya shigo, kuma mutumin karkara zai hana 'ya'yansa ya kawo wa baƙon malami akushi. Kada ku zama nauyi a kansu.

Duk da haka, idan hidimar tana cinye lokacin karatu, wannan gyaran tsari yake bukata. Ku raba girki kwana-kwana, ku ɗebi ruwa sau ɗaya da sassafe, lokacin da ya rage ka zuba shi a kan abu guda: ka zaɓi matasa biyu ko uku na ƙauyen masu ƙwaƙwalwa, ka ba su karatu na musamman tsakanin azahar da la'asar, har su iya jan salla daidai, su riƙe ajin yara, su san tsarki da wankan gawa. Wata uku suka rage muku. Ranar da za ku naɗe tabarma, su ne za su rage, kuma su ne za su sa zuwanka gida ya daina zama matsala tun yanzu.

Idan ka je ka tarar da jikin Umma da sauƙi, maganinta yana tafiya daidai, Yaya kuma ta ce da wannan sabon tsari za ta iya, to ka koma ka cika wata shidanka, alƙawari kaya ne, kuma yaran can suna da haƙƙi a kanka. Amma idan likita ya ce tana bukatar mai kwana kusa da ita, ko Yaya ta ce ƙarfinta ya ƙare, ko ita Umma da bakinta ta ce ka dawo, ko da sau ɗaya ta faɗa kuma a hankali, to ka koma ƙauye na kwana biyu kawai, ka miƙa ajinka, ka bi gida-gida ka yi sallama da mutane don kada su ce ka gudu, ka roƙi waɗanda suka tura ku su aika wani a madadinka, ka dawo Tudun Wada. Islamiyyarku ta dare tana nan, kuma za ka iya riƙa leƙa ƙauyen lokaci-lokaci kana duba ɗalibanka idan jikinta ya yi dama. Ka gaishe mini da Umma da jiki, ka kuma rubuto mini abin da likita ya ce.